Gwamnati Ta Tura, Gari Ya Sauke: Bashin Sabon Ma'aikaci a Gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Maƙalar tana duba watannin farko na matashin da ya gama karatu aka tura shi aiki garin da ba nasa ba, a gundumomi uku na kudancin jihar Tawa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, gwamnati ke tura ma'aikaci amma ba ita ke saukar da shi ba. Masu saukar da shi su ne mai gari, mai kanti, mai gidan haya da tsofaffin abokan aiki. Bashin da ya ci a hannunsu kafin kuɗinsa na farko su fito yana bin sa cikin aji, cikin gidan likita, har bakin iyaka, kuma nauyin bashin ya danganta ne da hannun da ke riƙe da shi.

Gabatarwa



Duk shekara in damina ta ja baya, Oktoba ta kama, motocin da ke bin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram sukan sauke waɗansu irin matafiya a Ƙonni, a mararrabar Tsarnawa, a Malbaza da Galmi. Kayansu ke nuna su: katifa a naɗe, bokiti, jaka guda, sai ambulan na takardu da ba sa yarda ya rabu da jikinsu. Wani daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya fito, wani daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wani daga makarantar horon malamai, ko makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, ko ta aikin gona da ke Kollo. In ka tambaye shi ina zuwa, amsar guda ce: "An afekte ni nan."

An yi rubutu da yawa a kan masu barin wannan yanki. Tun a shekarun 1950 Jean Rouch ya bi sawun ƴan Nijar masu zuwa Kumasi da Akara, kuma har gobe Adar ta yi suna wajen tafiya bida. Mai shigowa da takardar hukuma a hannu kuwa ba a cika waiwayarsa ba, domin ana ganin ya riga ya tsira tunda ya samu aiki. Ni a ganina ranar da ya sauka daga mota ne matsalarsa ta ainihi ke farawa, kuma matsalar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta aikin da aka turo shi yi ce.

Maƙalar ta dogara da rubuce-rubucen tarihin yankin, da binciken cibiyar LASDEL ta Yamai a kan yadda ma'aikatun gwamnati ke gudana a zahiri, da kuma abin da duk wanda ya zauna da malamai da jami'an lafiya a wannan yanki ya saba ji. Illelar da ake nufi a nan ita ce ta Adar, a cikin Nijar. In an zo kan Illela ta jihar Sakkwato, maƙwabciyar Ƙonni, za a bayyana.

Yadda takarda ta rabu da masauki

A zamanin Faransa, akawun ofis ko malamin lakwal da ake gani a Ƙonni sau da yawa ba ɗan ƙasar ba ne ma. Daga Dahome, Senegal ko Sudan ta Faransa ake kawo su, waɗansu bayan sun fito makarantar William Ponty. Baƙi ne na sosai, amma baƙin da hukuma ta kawo ta kuma ajiye a inuwarta. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, guraben da suka bari suka faɗo kan ƴan ƙasa ƙalilan masu takarda. Daga nan har shekarun arzikin uraniyom, wanda ya gama karatu ba ya yawon neman aiki, aiki ke jiran sa.

Misalin da ya fi kusa da mu ɗan yankin nan ne. Tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, haifaffen Dandaji ta gundumar Illela a 1952, ya karanta aikin injiniyan ma'adinai a Saint-Étienne ta Faransa, ya dawo ya riƙe muƙamin daraktan ma'adinai na ƙasa daga 1980 zuwa 1985, sannan ya koma kamfanin SOMAIR mai haƙar uraniyom a Arlit. Ba siyasarsa ta kawo shi cikin maƙalar nan ba. Tsararsa ce abin dubawa. Arlit gari ne da aka gina saboda ma'aikatan haƙa, da gidajensu da ruwansu da asibitinsu. Ga wannan tsara, takardar shaida da aiki da wurin kwana tare suke zuwa. Iyayen da ke tura ƴaƴansu jami'a a yau, wannan hoton ne a zuciyarsu.

Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, aka fara tsuke ƙofar ɗaukar ma'aikata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati a waɗannan shekaru ya san abin da ake nufi da bashin albashi na watanni. Ana cikin haka buƙata ta yi ta ƙaruwa. Shiri na musamman na Shugaba Mamadou Tandja ya cika ƙauyuka da azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani daga 2001, shirin ilimi na shekara goma ya biyo baya a 2003. Gini ya samu, mai tsayawa a ciki ne babu. Mafitar da aka samo ita ce malamai masu sa kai, daga 1998, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi har suka rinjayi sauran malaman firamare a yawa. A ɗaya ɓangaren, jami'o'in Tawa, Maraɗi da Damagaram sun tsaya da ƙafarsu a 2010, aka ƙara huɗu a 2014. Masu fitowa daga cikinsu, tasharsu ta farko galibi bautar ƙasa ce ta shekara biyu, mafi yawa a azuzuwan kwaleji da lise, a kan ɗan alawus.

Ƙidayar 2012 ta ba gundumomin nan uku mutum sama da 880,000, kuma a Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Aikin yana nan jibge. Gida da albashi a kan kari, waɗanda a da suke rako shi, su ne babu.

Wa ke saukar da baƙo?

Mu ɗauki malamin firamare, tunda irinsa sun fi yawa. Sunansa ya fito a jerin da aka liƙa, ko a yau ya iso masa ta WhatsApp. Ya ranci kuɗin mota a gida. Ya isa hedikwatar gunduma, ya gabatar da kansa ga sufeton makarantu, aka faɗa masa sunan ƙauye. In ƙauyen ba a bakin kwalta yake ba, ko ya jira ranar kasuwa ko ya hau kabu-kabu. Darakta ya sa hannu a takardar fara aiki, takarda ta kama hanyar Tawa, daga can sai Yamai. Tsakanin wannan rana da ranar da kuɗinsa na farko za su fito, da watanni ake lissafi. Jinkirin biyan ƴan kwantaragi ba ɓoyayyen abu ba ne, yana cikin manyan dalilan da suka sha fitar da ƙungiyoyin malamai irin su SYNACEB yajin aiki.

A cikin waɗannan watanni dole ya ci, ya kwana, ya wanke rigarsa. Babu layi ko ɗaya a kasafin kuɗin kowace ma'aikata da aka rubuta don wannan. Sai wani tsohon tsari ya karɓi aikin. Abner Cohen ya bayyana shi a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, Polly Hill ta gan shi a kasuwar shanu ta Kumasi, Emmanuel Grégoire ya nuna irinsa tsakanin alhazan Maraɗi da barorinsu: mai masauki yana ba baƙo ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a gaban mutanen gari, shi kuma baƙo ya zama nasa. Fatake ne suka raya wannan tsari don bukatunsu. Yau gwamnati ce ke jingine da shi, ba tare da ta taɓa ambatarsa a wata takarda ba.

A ƙauye, mai gari ne ke fara karɓar malami. "Ɗana, nan gidanku ne," ya nuna masa ɗaki a zaure ko a gidan wani da ya tafi bida. Kwanon dare yakan zagaya gida-gida, ko ya tsaya a gida ɗaya. Tun da aka fara shirin kwamitocin kula da makarantu da tallafin Japan a 2004, wanda a jihar Tawa aka soma shi kafin ya game ƙasa, kwamitin ma yakan shiga maganar masaukin malami, kamar yadda yake tara kara don yin rumfunan karatu bayan girbin gero. Sauran abin masarufi, sabulu, sukari, ganyen shayi, katin waya, wurin mai kanti suke. "Mushe, ɗauki abin da kake so, in wata ya yi ma yi lissafi." Ya buɗe masa shafi a littafin bashi.

Ba ina kushe wannan karamci ba ne. Da babu shi, da azuzuwa da yawa a yankin nan ba su buɗe ba. Amma Bahaushe ya ce in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma aikin da aka turo wannan yaro ya yi yana buƙatar ido marar kunya a waɗansu ranaku. Ƙarshen shekara ta zo, ɗan mai masaukinsa bai ci makin wucewa ba. Ba wanda zai ba shi cin hanci, ba wanda zai tsorata shi. Za a dai ce masa, bayan sallar magariba, "Mushe, ga ƙanenka nan, a duba shi." A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata, wadda ta ɗora wa hukumomin makaranta nauyin tsayawa in za a cire yarinya daga aji. To amma uban yarinyar shi ne wanda kwanonsa ke zuwa kowane dare. Wanda ya rubuta dokar a Yamai ya ɗauka malami mutum ne mai cin gashin kansa. Malamin da ke ƙauye ya san ba haka yake ba.

Jami'in lafiya ma haka. Tun 2006 magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci sun daɗe suna makara, har magani ya riƙa yankewa. In kwalba ɗaya ta rage, yara biyu na kwance, ɗaya jikan mai masauki ne, ba sai an faɗa wa sabon likita komai ba.

Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na LASDEL sun nuna cewa a kowace ma'aikata akwai ƙa'idojin da ke rubuce, akwai kuma waɗanda ake aiki da su, kuma sabon shiga daga tsofaffi yake koyon na biyun. Na yarda da wannan. Abin da nake son ƙarawa shi ne dalilin da ya sa darasin ke shiga da wuri haka. Yaron da ya fito makaranta da ƙa'idojinsa a ka ba ya zubar da su don an nuna masa wata hanya kawai. Yana zubar da su ne domin mai nuna masa hanyar shi ne ya ranta masa jika biyar a makon da ba shi da ko dala.

Akwai mai cewa wannan bashi yana da amfaninsa, kuma da gaskiyarsa. Malamin da ke cin tuwon gari yana jin nauyin ya kulle aji ya tafi. Mutanen da suka ciyar da shi suna da bakin tambayar sa ina ya kwana ranar Litinin, tambayar da sufeto, wanda babur ɗinsa ba kullum yake da mai ba, ba ya samun yi. Saboda haka ya kamata a raba abu biyu. Bashin da ke hannun jama'a yana ɗaure ma'aikaci ga aikinsa. Wanda ke hannun mutum ɗaya kuwa ga mutumin yake ɗaure shi. Bambancin da ke tsakanin gundumomin nan uku yana fitowa ne daga nan.

Ƙonni: inda bashi ke taruwa a hannu ɗaya

Birnin Ƙonni gari ne na bakin iyaka. Illela ta Najeriya tana nan kusa, hanyar Sakkwato ta wuce ta cikinta, sefa da naira duka suna yawo a kasuwa. Mutanen garin sun daɗe da sanin baƙi masu zuwa da sunan hukuma, tun daga mafi muninsu, rundunar Voulet da Chanoine da ta yi kisan gilla a garin a watan Mayun 1899. Ba su da ɗokin sabon ma'aikaci irin na ƙauye. A nan ba mai gari da zai ba shi ɗaki. Haya zai kama, kuma mai gida yakan nemi kuɗin watanni a gaba.

Wa ke da irin wannan kuɗi a hannu, kuma yake da dalilin bayarwa? Ɗan kasuwa. Ga malami abin bai cika yin nisa ba, don abin da malami ke iya biya da shi kaɗan ne. Ga sabon jami'in duwan, ko jandarma, ko ma'aikacin haraji, ko mai duba lafiyar dabbobi a kan iyaka, lissafin daban ne. Alhajin da ya ba shi gida ya ce kada ya damu da haya tukuna, shi ne mai motocin da za su zo shinge gobe. Ba a yi wata yarjejeniya ba, ba a ambaci komai ba, an saukar da baƙo ne kawai yadda addini da al'ada suka ce. Mai neman gano inda cin hanci ke farawa a kan iyaka, in ya tsaya a shinge ya makara. A gidan haya ya kamata ya fara dubawa.

Akwai kuma abin da garin ke yi wa zuciyar mai takarda. Yana fitowa da safe ya ga sa'o'insa da ba su wuce firamare ba suna canjin kuɗi, suna sayar da man fetur na ruwa-ruwa a kwalabe, suna ƙetara buhuna a kan babur, kuma abin da wani ke samu a mako ya fi alawus ɗinsa na wata. Ɗalibansa ma suna gani. Da wuya ka gamsar da yaro ɗan shekara 14 a Ƙonni cewa karatu ne hanya, alhali mai faɗa masa haka a ƙasa ya zo makaranta kuma mai shayi yana bin sa bashi.

Wannan arziki kuwa ba shi da tabbas. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020, Illela ta Najeriya tana cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, ribar ruwa-ruwa ta tsuke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuɗi suka yi wuyar fita a bankuna, sai a Maris 2024 aka buɗe iyakar. Kowane rufi yana tsadar da abinci a garin da ya dogara da kasuwar ƙetare, yana kuma rage abin da masu ba da bashi ke iya bayarwa. Wanda aka turo a Oktoban 2023 ya tarar da masu masaukin da su ma suna neman mai ranta musu.

Ɓangaren noma yana da nasa salon. Filin noman rani na Ƙonni, mai kimanin hekta 2,450, an gina shi ne tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kwarin Maggiya, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Yashi ya cike madatsun a hankali, ruwan rani ya ragu, rabon ruwa ya zama abin da ake faɗa a kai. Sabon malamin gona da aka ba jadawalin rabo, ya kuma sauka gidan ɗaya daga cikin manyan manoman filin, ba ya buƙatar dogon bayani ya gane halin da yake ciki. Gyaran filin yana cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da hukumar Millennium Challenge Corporation ta Amurka a 2016. Irin wannan aiki ya kawo wani rukunin matasa, injiniyoyi da masu wayar da kai, da albashi mai kauri a kan kari. Su ba su ci bashin kowa ba, amma sun ɗaga kuɗin haya ga sauran, kuma aikinsu yana da ranar ƙarewa.

Malbaza

Malbaza ba ta zama gunduma ba sai a 2011, lokacin da aka mayar da gundumomin ƙasar 63 daga 36. Ofisoshi sun zo wa garin da bai girma da gidajen haya ba, har wani ma'aikacin ya gwammace ya zauna Ƙonni ya riƙa zuwa. Abin da ya bambanta ta shi ne manyan masu ɗaukar aiki da ba ofisoshin gwamnati ba: masana'antar siminti da ke nan tun shekarun 1960, wadda sabon gininta mai ƙarfin tan 650,000 a shekara ya fara aiki wajen 2019, tashar wutar rana mai megawat 7 da aka buɗe a Nuwamban 2018, da asibitin mishan na Galmi da ke aiki tun 1950. Wanda ya samu shiga irin waɗannan wurare, albashinsa na zuwa, mai kanti ba ya riƙe da shi. Sai dai rashin bashin ma yana da tsadarsa. Ba wanda ya saukar da shi, don haka ba wanda ya ɗauke shi nasa. Yakan yi shekaru bai san gidan mai gari ba, kuma ƙorafin da aka saba ji a garuruwan masana'antu, cewa baƙi ke ofis ƴan gari ke dako, a kansa yake sauka.

Illela: baƙo a garin da maza suka tafi

Illela mazaunin Sarkin Adar ce, gidan sarautar da ya samo asali daga Agabba ɗan Sarkin Agadas a ƙarshen ƙarni na 17, tarihin da Djibo Hamani ya rubuta a 1975. Saukar baƙo a nan yana da tsari da ladabi, kuma ma'aikacin da ya fara aiki bai je ya gai da sarki ko mai gari ba ya fara da kuskuren da zai daɗe yana biya. Daga Badagishiri, inda hanyar Illela ta rabu da kwaltar Tawa, zuwa ƙauyukan Tajaye, bashin sabon malami ya fi zama a hannun jama'a, wato irin wanda na ce yana ɗaure mutum ga aikinsa.

Matsalar Illela wata ce. Da an gama girbi, majiya ƙarfi sun kama hanyar Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya. Malamin da ya iso a Oktoba yana shigowa ne daidai lokacin da ake fita. Ya rage da tsofaffi, mata da yara, a ƙauyen da tukunyarsa ta dogara da abin da aka aiko ta kamfanonin aika kuɗi NITA ko Al Izza. Kwanon da ake kawo masa, daga wannan aike ya fito. A taƙaice ɗan bida da ke tura baro a Abijan shi ke ciyar da ma'aikacin gwamnatin Nijar a watanninsa na farko. In ɗan bidar ya dawo da babur da sabuwar waya kafin damina, yaran aji shida suna kallo, suna kuma kallon malaminsu.

Harshe ma yana cikin lissafi. Wanda aka haifa a Damagaram ko Maraɗi zai ɗan yi tuntuɓe da Adaranci, cikin mako biyu ya saba. Wanda ya zo daga Tillaberi ko Doso da Zabarmanci da Faransanci kawai, ba ya iya ko cinikin itace sai da tafinta, kuma tafintan nan shi ma mai bin bashi ne na wani nau'i. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ayyanawar ba ta koya wa kowa Hausa ba tukuna, kuma jerin tura ma'aikata ba ya tambayar wane harshe mutum ke ji.

Ga mace abin ya fi tsanani. Budurwa ba ta kama ɗaki ita kaɗai a ƙauye ba tare da magana ta tashi ba, sai dai a ajiye ta cikin gidan mai gari ko na darakta, inda fitarta da shigarta ke hannun wasu. Hanyar da doka ta buɗe ita ce ta bin miji, shi ya sa malamai mata suka taru a makarantun cikin gari, na ƙauye suka rasa, a daidai wuraren da iyaye ke son ganin mace a gaban aji kafin su bar ƴarsu ta ci gaba.

Maza ma ba zama suke zuwa yi ba. Tun watan farko ake fara neman canji, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Mai ɗan uwa a ma'aikata ko a jam'iyya yakan koma bakin kwalta cikin shekara guda. Wanda ba shi da kowa shi ke daɗewa, gurbin wanda ya tafi kuma wani sabo ne ke cike shi. Ƙauyen da ya fi nisa shi ke ta saukar da sababbi, yana ciyar da su a watannin da ba su da komai, suna fara iya aiki a ɗauke su. Talakawan Adar ne ke biyan kuɗin horon malaman da Tawa da Yamai za su mora.

Abin da ke iya yiwuwa

Ba na ganin amfanin kiran a hana karamci, ko a yi wa matasa wa'azin riƙon amana da cikinsu babu komai. Abu biyu ne ke hannun hukuma. Na farko, a ba sabon ma'aikaci wani kaso na kuɗinsa a hedikwatar gunduma ranar da ya sa hannu a takardar fara aiki, a cire daga baya. Ba ƙarin kashe kuɗi ba ne, gaggauta abin da dama za a biya ne. Na biyu, duk inda za a gina aji ko ɗakin shan magani a ƙauye, a haɗa da ɗakin kwana ɗaya mallakar makaranta ko asibitin, ba na wani mutum ba. A 2016 an miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimin firamare da lafiya a matakin farko, don haka a ƙa'ida aikinsu ne. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisunsu, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma kantoma yana iya sa wannan a kasafinsa ba tare da jiran wata sabuwar doka ba.

Kafin a kai ga haka akwai aikin da ya rataya a wuyanmu masu bincike, musamman na Jami'ar Djibo Hamani da ke kusa. Ranar da kowane malami ya fara aiki tana rubuce a ofishin sufeto a Ƙonni, Malbaza da Illela. Ranar da aka fara biyansa tana rubuce a baitulmali. Ranar da ya nemi canji, da ranar da ya samu, su ma suna cikin fayil. Ɗalibin digiri na biyu guda ɗaya, in an ba shi izinin shiga waɗannan ofisoshi, zai iya jera ranakun nan makaranta-makaranta na shekara goma, ya auna su da nisan kowane ƙauye daga kwalta.